Konbata tana wuta amma bayani ba ya zuwa: yadda nake bibiyar matsalar

Yau ba maganar waya zan yi muku ba, duk da dai ita ce sana'ata. Maganar wani ɗan akwatin ƙarfe ce da bai wuce girman sabulun wanki ba, wanda in dai kana gyaran waya ko kwamfuta, ko ba jima ko ba daɗe sai an kira ka a kansa. Ana ce mata konbata ta siriyal zuwa netwok. Gefe ɗaya tana da bakin RS232 ko RS485, ɗaya gefen kuma bakin kebul ɗin netwok ne irin wanda ake soka wa rauta. Za ka same ta a bayan sikelin auna motoci a injin casar shinkafa, ko kusa da babbar inbatar sola, ko a jikin mitar wuta ta masana'anta. Waɗannan injina yarensu tsoho ne, RS232 ma tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi, ita kuma kwamfutar ofis yaren netwok take ji. Konbata ita ce tafinta a tsakaninsu.

Me ya haɗa mai gyaran waya da ita? Wanda ya kafa ta ya karɓi kuɗinsa ya tafi, lambarsa ba ta shiga, sai mai wurin ya aiko yaro: "Alhaji ya ce ka zo, ai kai ka san kan waɗannan abubuwan." Shi ke nan ka zama injiniya. Kuma gaskiya aikin bai fi ƙarfinmu ba. Duk wanda ya iya bin layin caji a jikin fanel tun daga bakin caja har zuwa batir, zai iya bin wannan ma, don hanyar tunanin ɗaya ce.

Abin da nake so ka riƙe shi ne konbata gefe biyu gare ta, kuma kusan kullum gefe ɗaya ne ke da ciwo. Aikinka na farko shi ne ka gano wane gefe ne. Masu wurin ba za su taimake ka a nan ba, su dai za su ce maka "ba ta aiki", ko "netwok ne babu", ko da kuwa waya ce ta tsinke a bayan sikeli. Kafin ka gano gefen, kar ka canza setin komai, kuma don Allah kar hannunka ya je kan maɓallin riset. Zan dawo kan riset ɗin.

Ni daga wuta nake farawa. Duba bayan akwatin ka ga bolt nawa take ci, sannan ka sa mita a bakin adafta lokacin da take a haɗe, ba a sake ba. Adafta mai rauni tana nuna bolt daidai in babu komai a jikinta, da an ɗora mata kaya sai ta faɗi. Konbatar da ke kan irin wannan adafta za ta riƙa mutuwa tana tashi, fitilarta kuma ta nuna maka kamar lafiya lau. Na sha ganin an ɗauke adaftar asali an kai wani wurin an maye gurbinta da ta tsohuwar dikoda.

Daga nan sai ka kalli 'yan fitilun da ke bakin kebul ɗin netwok. Ɗaya tana tsayawa a kunne in akwai haɗi, ɗaya tana ƙyaftawa in bayani yana wucewa. In duk a mace suke, to kar ka wahalar da kanka da buɗe kwamfuta, matsalar kebul ce ko bakin rauta. Canza kebul, canza baki. Ka kuma tambayi tsawon kebul ɗin, domin kebul ɗin netwok iyakarsa mita 100 ce. A wurare irin su injin casa ɓera ma yana nasa aikin, sai ka bi kebul ɗin da hannu ka ji inda ya gatsa.

To in fitilu suna wuta, mun shigo inda yawancin matsalolin suke, wato adireshi. Kowace na'ura a netwok tana da lambar IP mai kashi huɗu, misali 192.168.0.7. A irin ƙaramin netwok da muke haɗuwa da shi, inda mas ɗin yake 255.255.255.0, kashi ukun farko kamar sunan unguwa ne, na ƙarshe kuma lambar gida. Na'urori biyu ba za su yi magana kai tsaye ba sai suna unguwa ɗaya, kuma lambar gidansu ta bambanta. Konbatoci da yawa suna zuwa daga kamfani da adireshi tsayayye. Na USR irin su TCP232-302 suna zuwa da 192.168.0.7, na Moxa NPort kuma 192.168.127.254. Ka lura da wannan ta biyun, unguwarta 127, alhali rautocin da ke ofisoshinmu yawanci 192.168.0 ne ko 192.168.1 ko 192.168.8. Ka soka ta a rauta, fitila ta kama, amma babu wanda ya san da zamanta.

Yadda nake yi, ina cire konbatar daga rauta in haɗa ta da laftof ɗina kai tsaye da kebul ɗaya, in kashe Wi-Fi don kada ya rikita ni. A Windows ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka shiga Properties na katin netwok ɗin kebul, ka zaɓi IPv4, ka ba laftof ɗin adireshi da hannunka a unguwar konbatar. In ita 192.168.0.7 ce, kai ka zama 192.168.0.50. Sai ka buɗe cmd ka rubuta ping 192.168.0.7. In ka ga "Reply from" tare da adireshinta da lokacin amsa, tana raye tana ji. In ka ga "Request timed out" ko "Destination host unreachable", ba ku haɗu ba tukuna. Wani abin lura, in ka rubuta ipconfig ka ga adireshin laftof ɗinka ya fara da 169.254, wannan na nufin ya nemi wanda zai ba shi adireshi bai samu ba, sai ya ba kansa. Da wannan adireshin ba za ka ga kowa ba.

Idan wanda ya kafa ta ya canza adireshin kuma bai rubuta a ko'ina ba fa? Kusan kowane kamfani yana da ƙaramar manhajar bincike kyauta da ke yin shela a netwok, konbatar ta amsa ko da unguwarku ba ɗaya ba ce. Ka sauke ta tun kana shago, don inda za ka je ba lallai ka samu sabis ba.

Bari in ba ka labarin wani aiki don ka ga nauyin wannan abu. Lokacin kaka aka kira ni wani injin casar shinkafa a wajen gari. Na tarar da motoci sun yi layi tun daga bakin sikeli har titi. Sikelin yana nuna nauyi a fuskarsa, amma kwamfutar da ke buga takardar shaida ba ta ganin komai tun jiya da yamma. Malamin sikeli sai leƙa lamba yake yi yana rubutawa da biro, kuma rigima ta riga ta fara, wani dillali ya rantse an rage masa, direbobi na cewa za su juya su kai wani wurin. Shi manaja har an gaya masa konbata ta ƙone, a aika Kano a sayo sabuwa. Na tambaye shi abin da nake tambayar kowa: me aka taɓa kafin ta daina? Ya ce ba a taɓa komai ba. Sai wani yaro da ke gefe ya ce, "Yallaɓai ai jiya aka canza rauta." Tsohuwar tana raba adireshi a unguwar 0, sabuwar a unguwar 8. Kwamfuta ta bi sabuwar rauta ta koma unguwar 8, konbata kuma tana nan zaune a 192.168.0.7 inda aka ajiye ta. Na mayar da ita unguwar 8, na gyara adireshin a manhajar sikeli, takarda ta fara fita. Aikin bai kai minti ashirin ba, kuma da sun sayo sabuwar ma haka za ta yi musu. Tun daga nan in babba ya ce ba a taɓa komai ba, sai in waiwaya in tambayi yaran wurin.

Yanzu a ce ping yana amsawa amma manhaja har yanzu shiru. Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin konbatar, shafin setinta zai buɗe. Na USR sunan shiga da kalmar sirri duk admin ne in ba a canza ba. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Sannan ka nemi inda aka rubuta yanayin aiki. Biyu ne suka fi yawa, TCP Server da TCP Client, kuma mu masu waya mun fi kowa saurin gane su. Server shi ne mai jiran kira, Client shi ne mai kira. In konbata Server ce, manhajar kwamfuta ce za ta kira ta, don haka dole manhajar ta san adireshinta da lambar ƙofarta, wato abin da shafin ya kira Port. In konbata Client ce, ita za ta kira kwamfuta, don haka a cikinta ake rubuta adireshin kwamfutar da ƙofar da manhaja ke saurare. In duka biyun Server ne, kowa ya riƙe waya yana jiran ɗan'uwansa ya kira, har gobe ba za a gaisa ba. Na tarar da wannan fiye da sau ɗaya, kuma duk fitilu lafiya ƙalau.

A yanayin Client akwai wasu tarkuna biyu. Na farko, kwamfutar da ake kira dole adireshinta ya zama tsayayye, in ba haka ba ranar da rauta ta ba ta wani sabo, konbata za ta ci gaba da buga tsohuwar lamba. Na biyu, katangar tsaro ta Windows tana tare kiran da ya shigo daga waje sai an ba shi izini. Don gwaji za ka iya kashe ta na minti ɗaya, in bayani ya shigo ka gane ita ce, sai ka kunna ta ka buɗe wa wannan ƙofar kaɗai. Kar ka tafi ka bar musu ita a kashe, kwamfutar da ke riƙe da lissafin mutane ce. In kuma konbatar ce Server kana so ka tabbatar ƙofarta a buɗe take, a PowerShell ka rubuta Test-NetConnection, sai adireshin, sai -Port da lambar ƙofar. In ya ce True, gefen netwok ya fita daga zargi.

Daga nan sai mu tsallaka ɗaya gefen, wanda ni na fi jin daɗinsa don a nan mita take aiki. Siriyal ba ya sasantawa. Gudun maganar, wato Baud Rate, da sauran setin ukun da ke biye da shi dole su zama daidai da na injin. 9600 da 8, None, 1 shi ya fi yawa, amma wasu inbatoci 2400 suke amfani da shi, ita kuma konbata tana iya zuwa daga kamfani a kan 115200. Alamar saɓanin gudu ita ce bayani yana shigowa amma shirme ne, haruffa marasa ma'ana da alamomin tambaya. In ka ga shirme ka yi murna, don yana nufin wayoyi a haɗe suke, lamba kawai za ka gyara. Shiru ɗungurungum shi ne abin damuwa.

In shiru ne a RS232, zargi na farko shi ne ƙafa ta 2 da ta 3 a bakin nan mai ƙafa tara. Ɗaya ta aikawa ce, ɗaya ta karɓa, ta 5 kuma ita ce giraun. Dole bakin wannan ya je kunnen wancan. Akwai kebul miƙaƙƙe, akwai wanda aka gicciye 2 da 3 a ciki, kuma a ido ba ka bambance su. Ga dabarar mita: sa ta a DC, baƙin tsinke a ƙafa ta 5, jan kuma ka taɓa 2 sannan ka taɓa 3. Ƙafar aikawa in tana hutawa tana nuna bolt mai alamar ragi, yawanci wajen -5 zuwa -12, ta karɓa kuma kusan sifiri. Ka auna a gefen injin, ka auna a gefen konbata. In masu ragin nan biyu suna faɗawa kan zare ɗaya, an haɗa baki da baki, sai ka gicciye su. Akwai kuma gwajin da ke wanke konbata gaba ɗaya: cire kebul ɗin injin, ka haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 na konbatar da ɗan guntun waya, ka haɗu da ita da manhajar gwajin TCP ka aika kowace kalma. In kalmar ta dawo maka, konbatar lafiyarta ƙalau tun daga netwok har siriyal, sai ka juya kan injin da kebul ɗinsa. Ka kuma tuna RS232 ba ɗan tafiya mai nisa ba ne, wajen mita 15 aka tsara shi.

RS485 shi ne na nisa, yana iya kaiwa wajen mita 1200 in gudun bai yi yawa ba, kuma zare biyu ne, A da B. Abin haushi kamfanoni ba su haɗu a kan wanne ne A wanne ne B ba, sai ka haɗa A da A, B da B yadda hankali ya ce, ka ji shiru. Juya su. Juya A da B ba ya ƙona komai, in dai ka tabbata su biyun kake juyawa ba wayar wuta ba. In layin mai tsawo ne ana sa rizista mai om 120 a kowane ƙarshensa, kuma injinan su jeru a kan layi ɗaya kamar carbi, ba kowa ya ja nasa reshen daga tsakiya ba. In bayani yana zuwa yana yankewa duk lokacin da babban inji ya tashi, duba ko an bi da kebul ɗin tare da na wuta a bututu ɗaya.

Akwai wata matsala da ke cinye wa mutum yini guda in bai san da ita ba. Mitoci da inbatoci da yawa suna magana da Modbus, yaren da aka fito da shi tun 1979. A kan siriyal ana kiransa Modbus RTU, a kan netwok kuma Modbus TCP, wanda ƙofarsa ta asali 502 ce. Tsarin saƙon su biyun ba ɗaya ba ne. Konbatar da ke yanayin wucewa kawai, duk abin da aka ba ta haka za ta miƙa shi, ba ta fassara ba. In manhajarka Modbus TCP take aikawa, mita kuma RTU take ji, za ka ga an haɗu, fitilar TX tana ƙyaftawa, RX kuwa ko motsi. Sai ka kunna fassarar Modbus TCP zuwa RTU a setin konbatar in tana da ita, in ba ta da ita ka duba ko manhajar tana da zaɓin aika RTU a kan TCP. Ka kuma tabbatar da lambar na'urar, don kowace mita a layin tana da tata, kuma ba ta amsa kiran da ba nata ba. Fitilun TX da RX ɗin nan ka saba da kallonsu, suna gaya maka wa ya yi magana wa ya yi shiru.

Sai kuma ciwon da ya fi ban takaici, wanda ke aiki yau gobe ya ƙi. A wurinmu yawanci ɗauke wuta ne silarsa. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, rauta ta sake raba adireshi, konbatar da aka bari a kan DHCP ta tashi da sabuwar lamba, manhaja kuma tana neman tsohuwar. Maganinsa adireshi tsayayye, kuma ka zaɓi lambar da ke wajen waɗanda rauta ke rabawa, don kar wata rana ta ba wayar wani ma'aikaci lambar konbatar. Wani lokacin kuma kwamfuta ce ta mutu ba sallama, konbata tana zaton har yanzu suna kan layi, ta ƙi karɓar sabon kira sai an kashe ta an kunna. In masu wurin suka ce maka "kullum sai mun zare ta mun mayar", nemi setin Keepalive ko na lokacin yanke haɗin da ya yi shiru, ka kunna. In kuma konbata biyu iri ɗaya aka sayo aka soka su tare ba a canza adireshin ɗaya ba, za su riƙa ƙwace wa juna lamba, yanzu ka ga wannan anjima ka ga waccan. Zare ɗaya ka yi ping, in har yanzu ana amsawa bayan ka zare wadda kake zaton ita ce, akwai mai lamba irin tata.

Wani abin da masu gida ke yawan nema shi ne su ga inbatarsu ko sikelinsu daga gida ko daga wani gari. Sai a sa rauta mai layin waya, a buɗe ƙofa a cikinta, a yi ta gwadawa ba ya yi. Dalilin shi ne layukan wayar da muke saya galibi ba sa samun adireshin intanet na kansu, kamfanin sadarwa yana tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Shiga shafin rautar ka duba adireshin da layin ya samu, in ya fara da 10 ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, babu kiran da zai shigo daga waje ya same ka. Dole konbatar ce za ta zama Client ta kira wata saba da ke intanet, ko a haɗa wurin biyu da VPN. Ni ma ko da adireshin yana ba da dama ba na son buɗe irin wannan na'ura ga duniya, musamman wadda kalmar sirrinta har yanzu admin ce.

Riset kuwa, abin da ya sa na hana ka tun farko shi ne yana goge duk abin da wanda ya kafa ta ya saita: adireshi, ƙofa, gudun siriyal, yanayin aiki. In ba ka da hotonsu, matsala ɗaya ta zama biyar, kuma littafin injin da za ka duba gudun a ciki ya daɗe da ɓata. Ina danna shi ne kawai in manhajar bincike ta kasa ganinta a kebul na kai tsaye, ko an canza kalmar sirri babu wanda ya sani, kuma sai na fara leƙa manhajar kwamfutar na kwafe adireshi da ƙofar da take nema. In na gama aiki ina rubuta adireshi da ƙofa da gudun a farin salatif in manna a jikin akwatin, hotunan setin kuma in tura wa manaja ta WhatsApp in ce ya adana. Mai tambaya a kan wata konbata ta daban ya turo sunanta da lambarta da abin da fitilunta ke yi, in Allah ya yarda za mu duba tare.